Mudu ɗaya, awo daban

Wani marubuci ya ce tunda Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi ta sa ƙasashe bin ƙa'idojin auna hayaƙi mai ɗumama duniya na 2006 na IPCC, wato kwamitin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yanayi, yanzu ana iya kwatanta hayaƙin kowa da na kowa. Ban gamsu ba. Ƙasar da ba ta da bayanan kanta, ƙiyasin gama-gari take ɗauka: ta ƙirga shanunta, ta ninka da adadin iskar methane mai ɗumama duniya da aka yanke cewa saniyar Afirka na fitarwa. To saniyar makiyayi da ke ramewa kowane rani, ɗaya take da wadda aka turke ana ba ta dusa? Shanun ma yaushe aka ƙirga su sosai? Masu cewa Afirka na ɓoye alƙaluma, ku faɗa mana: wa zai biya kuɗin awon?