Alhaji da Kwamfuta Marar Tarbiyya

(Garwa, watan Afrilu, rana kamar ta fasa dutse. A wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa Malam yake koyar da Python, wani harshe na rubuta wa kwamfuta umarni. Alhaji ya biya kuɗin wata uku gaba ɗaya, don haka kujerar gaban fanka tasa ce. Mai Shayi ya jingina da taga yana kallo.)

Alhaji: Malam, wannan na'urar taka ba ta da tarbiyya. Na rubuta mata layi biyu, ko tari ba ta yi ba.

Malam: Mu gani, Baba Alhaji. def kudin_shayi(kofi): a ƙarƙashi kuma return kofi * 100. Ai babu kuskure. Ga ɗigo biyun, ga layi na biyu ka tura shi ciki da tazara huɗu.

Alhaji: To ina amsar?

Malam: Ba ka kira ba. Shi def koyarwa ce kawai. Kamar ka zaunar da yaron shago ka ce masa: duk kofi ɗaya sefa 100 ne, dala ashirin ke nan. Ya ji, ya riƙe. Sai ranar da ka ƙwala masa kira zai yi lissafi.

Alhaji: Yarona da ya ga na shigo yake miƙewa.

Mai Shayi: Don ya san halinka ne.

Alhaji: Kai, da kai nake? (Ya gyara tabarau, yana danna haruffa da yatsa ɗaya.) To ga kira nan. Na sa shi can sama, layin farko, don babba ba ya zama a ƙasa. Innalillahi! Malam, ta zage ni da jan rubutu!

Malam: NameError ne, ranka ya daɗe. Cewa take ba ta san mai wannan suna ba.

Alhaji: Ba ta san shi ba? Ga shi nan a layi na biyu, ko makauniya ce?

Malam: Daga sama take karantawa zuwa ƙasa, layi bayan layi, ba ta leƙen gaba. Ka kira jariri da suna tun ba a yanka rago ba.

Alhaji: Ni da na san sunan jikana tun yana ciki!

Malam: Ita sai an raɗa mata a kunne. Tun 1991 da wani mutumin Holan ya fito da Python haka take.

Alhaji: 1991? Lokacin ina da mata biyu da tirelar auduga. Yarinyar jiya ce za ta koya mini sama da ƙasa?

Malam: Mai da kiran ƙasa dai, Baba. Ka kuma saka shi cikin print, in ba haka ba za ta kawo amsar ta riƙe a hannu ba ta nuna maka ba. Sa 7 a cikin baka biyun nan: print(kudin_shayi(7)).

Alhaji: Allahu Akbar, 700! Malam, yarinyar nan da hankali.

Mai Shayi: Sosai ma. Kofi bakwai cif nake binka tun ranar Litinin, har da mai madara biyu da ban ƙara maka kuɗi ba.

Alhaji: Wa ya ce ka sa 7, Malam?

Malam: A bakina ta zo.

Mai Shayi: Jiya a gaban liman ka ce za ka biya.

Alhaji: Na faɗa, ban musa ba. Wancan def ne. Ka ji na kira?