'Yan shayi sun yi nasara, ni kuma ina biyan bashin asibiti

Takarda ta huɗu ke nan da ta shigo akwatin wasiƙata a kan dare ɗaya tak. Dare ɗaya! Awa biyar na yi kwance a sashen gaggawa na wani asibiti a nan gefen Hustan, jihar Teksas, aka sa mini ledar ƙarin ruwa, aka yi mini allurar kashe ciwo, aka tura ni cikin na'urar ɗaukar hoton ciki, likita ya leƙo na minti uku ya ce tsakuwa ce a ƙoda, in je in yi ta shan ruwa za ta fita da kanta. Ta kuwa fita. Abin da ya ƙi fita shi ne bashin.

Asibiti ya turo nasa, dala 14,600. Kamfanin inshorata ya rubuto mini da fara'a cewa ya yi mini ciniki an sauko zuwa dala 5,200, in gode masa. To, nawa zai biya a ciki? Ko sisi. Wai akwai wani abu didaktibul, kuɗin da sai ka fara zubawa daga aljihunka kafin su taɓa nasu, ni nawa dala 7,000 ne a shekara, ban kai ba. Likitan da ya leƙo na minti uku ya turo nasa bil daban, wai shi ba ma'aikacin asibitin ba ne, aiki kawai yake yi a ciki. Wanda ya karanta hoton, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi ma ya turo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: yau motar ɗaukar marasa lafiya ta aiko da dala 1,900 na tafiyar da ba ta kai mil shida ba. Ni direba ne. Mil shida in na ɗauki mutum, da ƙyar in tashi da dala goma sha biyu, kuma ni har ruwan gora nake ba fasinja.

Kada wani ya ce ai sakaci na yi ban yanki inshora ba. Ina da ita. Duk ranar 1 ga wata ana zare dala 340 daga asusuna kafin ma in ga kuɗin, shekara da shekaru, ban taɓa fashi ba. Na buga waya, aka bar ni da kiɗa a kunne na minti arba'in, sannan wata yarinya ta ɗauka ta ce motar da ta ɗauke ni ba ta cikin jerin waɗanda suke hulɗa da su. Na ce, "Baiwar Allah, ina birgima a ƙasan kicin ƙarfe biyu na dare, matata tana kuka tana kiran lambar gaggawa, a nan ne zan ce a dakata in duba jeri?" Ta ce ta fahimci damuwata. Kalmar nan ta "na fahimci damuwarka", da kuɗi ce da tuni na biya bashin. Na ce ai akwai dokar tarayya da ta hana irin wannan bil na ba-zata. Ta ce e, akwai, ta fara aiki a farkon 2022, amma ba ta shafi motar asibiti ta ƙasa ba. Na duba, wallahi gaskiyarta. Da jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke ni da dokar ta kare ni.

Da na ajiye wayar, ba yarinyar ce ta faɗo mini a rai ba, ita ma albashi take nema. Wata tsohuwa ce da na ɗauka a tasi ranar 15 ga Afrilun 2009.

Lokacin ban fi shekara biyu a ƙasar ba. Ranar ce ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji a Amurka, kuma ranar ce masu zanga-zangar da ake kira Tea Party suka fito a ɗaruruwan garuruwa. Mu a majalisarmu ta direbobi 'yan shayi muke ce musu. Sunan sun aro shi ne daga abin da ya faru a Boston a Disambar 1773, lokacin da mutanen garin suka hau jiragen ruwa suka zubar da akwatin ganyen shayi 342 a teku don ƙin harajin Ingila. Tsohuwar nan ta shigo motata da hula an rataya mata jakunkunan shayi kamar layu, tana riƙe da tuta rawaya mai hoton maciji a naɗe, an rubuta kada a taka shi. Mutuniyar kirki ce, har ta tambayi iyalina. Duk hanya tana gaya mini gwamnati ta cika tatsar mutane, Obama zai mayar da ƙasar ta 'yan gurguzu. Can kuma ta ba ni labarin aikin da aka yi mata a gwiwa, an sa mata ta ƙarfe, tana yaba likitocin. Na ce, "Mama, ai kuwa an kashe kuɗi." Ta ce a'a, Medicare ce ta biya.

Medicare fa shirin gwamnatin tarayya ne na kula da lafiyar waɗanda suka kai shekara 65, kuma ɗan Teksas ne, Shugaba Lyndon Johnson, ya sa masa hannu a 1965. Da haraji ake tafiyar da shi. Ni da nake aikin kaina, kashi 15.3 cikin ɗari ake karɓa a ribata kafin a zo ga harajin kuɗin shiga, kuma kashi 2.9 a ciki na Medicare ne. Wato gwiwar Mama akwai guminmu a ciki. Ban yi baƙin ciki ba, tsoho ai na kowa ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ta hau tsani ta kai sama, sannan ta fito titi tana ihu a janye tsanin. A bazarar wannan shekarar, a wani taron jin ra'ayin jama'a a Karolina ta Kudu, wani mutum ya miƙe ya ce wa ɗan majalisarsa gwamnati ta cire hannunta daga Medicare ɗinsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Kada a ɗauka ban san zafin haraji ba. Bakano ne ni. Na taso ina jin labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin haraji, da yadda Bafulatani ke kwana a daji da shanunsa don gudun jangali. Mahaifina har ya rasu yana sa wa Abubakar Rimi albarka don ya soke su a 1979. Saboda haka da na fara jin 'yan shayi suna cewa an ishe su da haraji, zuciyata ta ɗan karkata. Amma wancan haraji ana karɓa ne a hannun talaka, ba ya ganin ko allurar zazzaɓi a madadinsa. Su kuwa waɗannan, me ya tayar da su? Wani mai sharhin kasuwar hannun jari ne, Rick Santelli, ya tsaya a dandalin 'yan kasuwa na Shikago a Fabrairun 2009, kyamara na kansa, yana faɗan don me za a taimaki waɗanda bashin gida ya karya. Daga can aka kunna wutar, ba daga ƙofar gidan dagaci ba.

Da watan Agusta ya zo sai suka bar maganar bashin gida suka dira kan dokar gyaran tsarin lafiya da Obama yake son a kafa, wadda ake kira Obamacare. Duk inda ɗan majalisa ya kira taro sai a cika zauren da ihu, ba mai jin wani. Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska, ta hau Facebook ta ce dokar za ta kafa kwamitin mutuwa, wai ma'aikatan gwamnati za su zauna su yanke wanda ya cancanci magani da wanda za a bari. Babu wannan a cikin dokar, amma maganar ta zauna daram a kan mutane. A Satumba Obama yana jawabi a gaban majalisa, ya ce shirin ba zai shafi baƙin da ba su da takardu ba, wani ɗan majalisa, Joe Wilson, ya daka masa tsawa ya ce ƙarya yake. A rediyon tasi na ji wannan, kuma a ranar na gane cewa a cikin rigimar nan akwai tsoron kada irina ya sha magani da kuɗinsu.

Kwamitin mutuwa kuwa na gan shi da idona, sai dai ba na gwamnati ba ne. Wani ɗan'uwa a masallacinmu, likitansa ya rubuta masa hoton ƙashin baya, kamfanin inshorarsa ya ce sai ya ba da izini tukuna. Wata biyu mutumin nan yana sallah a kan kujera yana jiran sa hannun wanda bai taɓa duba shi ba.

Su ma 'yan Dimokurat ban wanke su ba. Ihun ya razana su. Da farko akwai shirin gwamnati ta buɗe tata inshorar ta yi gogayya da kamfanoni, wanda ya ga dama ya shiga. A Majalisar Dattawa aka yar da wannan don a samu ƙuri'a 60 da ake bukata, Sanata Joe Lieberman ya ce in da shi ba zai bi ba. Abin da ya rage shi ne Majalisar Wakilai ta amince da shi da ƙuri'a 219 da 212, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a ciki, Obama ya sa hannu ranar 23 ga Maris 2010. Ba zan yi butulci ba, dokar ta yi abin kirki: kamfani ba ya iya korar ka don kana da hawan jini ko ciwon suga tun da, yaro yana zama a inshorar iyayensa har shekara 26, kuma tallafinta ne ya sa nake biyan 340 ba dubu da wani abu ba. Amma a ƙarshe hannun kamfanonin nan aka sake miƙa mu, aka ce mu zaɓi mai yanka mu a cikinsu, na tagulla ko na azurfa ko na zinariya, wato matakan inshorar daga mai araha zuwa mai tsada. Ni na tagulla na iya.

'Yan shayi kuwa ba su koma gida ba. A zaɓen Nuwamban 2010 jam'iyyarsu ta Rifablikan ta ƙara kujera 63 a Majalisar Wakilai. Aka kai dokar Kotun Ƙoli, a Yunin 2012 kotu ta bar ta da rai da alƙalai biyar da huɗu, amma ta ce faɗaɗa Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, ganin damar kowace jiha ne. Gwamnanmu na lokacin, Rick Perry, wanda da kansa ya hau mumbarin 'yan shayi a Ostin, bai ɓata lokaci ba ya ce ba ya so. Sanatanmu Ted Cruz ya tsaya awa 21 yana surutu a majalisa a 2013 don a hana dokar kuɗi, har aka rufe gwamnati kwana 16. Har yanzu Teksas ba ta karɓi faɗaɗa Medicaid ɗin ba, alhali gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 cikin ɗari. Jihohi arba'in sun karɓa, har da maƙwabtanmu Oklahoma da Luwiziyana, waɗanda ba wanda zai kira su 'yan gurguzu. Harajin da nake biya yana tafiya ya yi wa mutanen can magani, jihata kuma ita ce ta ɗaya a ƙasar wajen yawan marasa inshora.

In kana son ganin abin da wannan taurin kai ya haifar, zo in nuna maka abokina, mutumin Damagaram, wanda ya zama ɗan ƙasa shekaru da suka wuce. Ciwon suga ya taɓa masa ido, ya ajiye tuƙi, samunsa ya faɗi ƙasa da layin talauci. Ya je neman tallafin Obamacare aka ce talaucinsa ya yi yawa, dokar ta tsara irinsa Medicaid ce za ta ɗauke su. Ya je Medicaid aka ce a Teksas babba marar ƙananan 'ya'ya ba ya shiga sai an tabbatar masa da naƙasa. Ka ji fa, mutum ya cika talauci har ya wuce a taimake shi! Yanzu raba allurarsa yake yi, ta kwana ɗaya ta yi masa biyu, mu kuma muna zagayawa da hula bayan sallar Juma'a. Ranar da ya faɗi, sashen gaggawa dole ya karɓe shi, don akwai dokar 1986 da Reagan ya sa wa hannu da ta tilasta haka. Kuma wa zai biya wannan? Mu ne, a cikin bil irin nawa, ninki ba ninki. An ƙi sayen allura, za a sayi yankan ƙafa.

Sai kuma a zo ana yi mini alfahari wai Teksas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga. To, na ji. Duk abin da na saya a kanti, in ba kayan cefane ba, ana ɗora mini kashi 8.25. Harajin gida mai gidan haya ya zuba mini shi a cikin kuɗin wata. Ga 340 ta inshora, ga dubu bakwai tana jirana a bakin ƙofa duk ranar da na kwanta. In wannan ba haraji ba ne, a faɗa mini sunansa. Bambancin kawai, gwamna ina iya kayar da shi ranar zaɓe, shugaban kamfanin inshora kuwa ko sunansa ban sani ba. An gudu ba a tsira ba.

Ƙanena ya bugo daga Kano yana yi mini sannu, ya ce, "Yaya, ai ku kun huta, kuna ƙasar da asibiti yake asibiti." Ban ƙaryata shi ba, na'urorin nan akwai su, wuta ba ta ɗaukewa, ba wanda ya ce in aika a sayo safar hannu. Na dai tambaye shi nawa dala 7,000 take a naira yau. Ya lissafa, ya yi shiru, ya ce, "Innalillahi, tsakuwar zinariya ce?"

Jiya na koma ofishin kuɗi na asibitin da kaina, na zauna gaban wata mata mai kwamfuta, muka yi yarjejeniya dala 150 a wata, kusan shekara uku ke nan. Na motar kuma na rubuta takardar ƙorafi, an ce in saurara kwana 30. Da na dawo gida na zaunar da uwargida na ce, "Ki saurare ni da kyau. In abin nan ya sake tasowa, ko da kin ga ina cizon tabarma, kada ki kira lambar nan. Ki ja ni ki cusa a bayan mota." Ta dube ni ta ce, "Malam, ka manta ban iya tuƙi ba?" Ranar Asabar za mu fara, a filin ajiye motoci na bayan masallaci.