Yadda Kawu Ya Kusa Ƙarasa Min Tankin Kifi da Taki

Duk wanda ya ji cewa na sa kuɗina na sayi ciyawa sai ya sake kallona da kyau, ciyawa dai wadda ake biyan yara su nome a gona. To ni tawa ta cikin ruwa ce, a tankin gilashi na kifin ado da na ajiye a falo, lita 60, da 'yan kifayen gufi masu jela kala-kala. Irin tankin talakawa ne, babu tukunyar gas ɗin CO2, wato iskar da shuka ke sha ta girma, da masu hali ke haɗawa, daga fitila sai ɗan filta. Shukar da na fi ji da ita sunanta Anubiyas, mai kaurin ganye, kuma abin haushin, sai da na biya kuɗin na gano asalinta daga dazukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, wato kayanmu ne aka juyo aka sayar min da tsada. Matsalarta ɗaya, ba ta sauri. Sai ka yi makonni kana leƙe kafin ta fitar da ganye guda.

Ana cikin haka Kawu ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, ya sauka a wajenmu. Kawu manomi ne tun kafin a haife ni, kuma shi a duniya babu shukar da za ta gagare shi. Ya tsaya gaban tankin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, wa ya koya maka shuka a kan ice?" Don ni ɗaure Anubiyas ɗin na yi da zare a jikin wani guntun ice, haka ake yi mata, tana da wani kara mai kauri da yake kwance wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, in ka binne shi ruɓewa yake. Na ce Kawu ku bar ta haka, ita ba a rufe mata gindi. Ya ce uhm. Duk wanda ya san Kawu ya san wannan uhm ɗin ba yarda ba ce.

Na dawo daga aiki na tarar ya nannaɗe hannun riga ya kwance zaren ya binne ta tsaf cikin yashi, har da ɗan tudu ya ja mata, kuma ya sa yara sun kwashe rabin ruwan sun turo teburin zuwa bakin taga, wai shukar da ba ta ganin rana ai marar lafiya ce. Ka ce wa ƙanin mahaifiyarka me? Na yi shiru na ce sannu da aiki.

Ranar Kano kuwa ba ta wasa. Kafin a je ko'ina gilashin ya yi kore, ganyen ya yi gashi-gashi, ruwan ya koma kamar miyar kuka, sai ka manna ido kafin ka hango kifi ya gifta. Abin da ke faruwa shi ne, haske in ya yi yawa shuka tana buƙatar CO2 daidai da shi, a ruwan tanki irin nawa kuma CO2 ɗin 'yan miligiram 2 zuwa 3 ne kawai a lita, masu tukunyar gas kuwa miligiram 30 suke nema. Shukar ta ci ɗan abin da ke akwai ta tsaya, ragowar hasken gansakuka ce ke morewa, ita ko kaɗan ya ishe ta. Na yi wa Kawu wannan bayanin tiryan-tiryan. Ya ce kore ai alamar albarka ce, yunwa ce kawai ke damun shukar.

Nan ne ni ma na ce bari in nuna masa ilimin zamani. Na samo robar lemo babba, na zuba suga da yis ɗin burodi da ruwan ɗumi, na huda murfin na sa siririn tiyo zuwa cikin tankin, don yis in yana cin suga CO2 yake fitarwa. Dabarar tana aiki, mutane da yawa suna yi, amma su ba a zafin watan Afrilu suke yi ba. Cikin dare abin ya taso ya yi kumfa ya bi tiyo ya shige tankin, da asuba falon gaba ɗaya tsami yake, uwargida ta fito tana toshe hanci ta ce, "Malam, gaya min gaskiya, me kake dafawa a bayan kujera?" Kawu yana kan darduma yana jan carbi yana min wani irin kallo. Sai da na rantse cewa abincin ciyawa ne, kuma rantsuwar ba ta taimaka ba.

Shi kuma da ya ga nawa ya faɗi sai ya fito da nasa. Ashe akwai ɗan ƙullin yuriya a jakarsa, samfur ne da ya karɓo a kasuwa, ya barbaɗa a ruwan da bismillah ina wajen aiki. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, a gonar masara alheri ce, a ruwan kifi kuwa rikiɗewa take ta zama amoniya, ita kuma amoniya ƙona matsatsin da kifi ke numfashi da shi take, ko kaɗan ce. Uwargida ce ta kira ni wai kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Na hau acaɓa na dawo, na kwashe kifin na zuba a bokitin wanka, na dinga ɗebe ruwan ina canzawa da na rijiya, don na famfo akwai kulorin sai ya kwana. Kawu na tsaye a kaina yana cewa ai kifin murna suke.

Bayan ya koma gida na mayar da teburin lungunsa, na lulluɓe tankin da bargo na wasu kwanaki har koren ya mutu, na tono Anubiyas na yanke inda ya fara laushi na sake ɗaure ta a icenta. Fitila na sa mata awa 6 zuwa 7, in an ɗauke wuta ma ban damu ba. Akwai wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, da ta fitar da littafi a 1999 a kan irin wannan tankin, ita cewa ta yi ka shimfiɗa ƙasar shuka wajen inci ɗaya ka rufe da yashi, ƙasar tana ruɓewa a hankali tana ba da CO2, abincin kifi da kashinsu su zama taki, sannan ka sa shukar da ke yawo a saman ruwa. Ƙasar ban kai ga sawa ba tukuna, sai an kwashe komai. Ta saman ruwan kuwa da na duba hotonta sai na ga ashe kainuwa ce! Na je kududdufin bayan unguwa na tsinto guda biyu kyauta, na wanke su sosai.

Kainuwa ganyenta a waje yake, tana shan CO2 daga iska yadda take so, saiwarta kuma na zuƙe dattin da gansakuka ke ci, ga inuwa da take yi wa Anubiyas wadda dama inuwar take so. Ruwan ya washe tas. Yanzu duk mako sai na kwashe kainuwa cike da hannu na zubar, ta kuma zo min da 'yan katantanwa da ban gayyata ba, ita kuwa mai tsadar ta daure ta fitar da sabon ganye ɗaya, na ɗauki hotonsa na tura wa ɗan Kawu ya nuna masa.

Da daddare sai ga waya. Kawu ne, wai ka gani ko, takin ne ya fara aiki, shi taki sai an yi haƙuri. Ya ce bayan girbi zai dawo a sake duba idon, kuma wannan karon kashin kaji zai taho min da shi, rabin buhu, ya fi na bature ƙarfi. Na ce Allah ya kawo ku lafiya Kawu. Washegari na kira kafinta ya yi wa murfin tankin wajen sa kwaɗo.