Masar Meziko ba waina ba ce

Kwaɗayi ne ya ja min. Ranar 6 ga Janairu maƙwabciyarmu a nan Houston ta Amurka, wata dattijuwa 'yar Meziko da nake kira Inna, ta gayyace mu cin wani burodi mai kama da gammo, wanda suke kira rosca. Loma ta biyu ke nan haƙorina ya ci karo da wani abu mai tauri. Na zaro, ashe 'yar tsana ce ta roba, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Ina shirin tsine wa mai gidan burodi sai ɗaki ya kaure da tafi. Wai a al'adarsu, duk wanda ya tsinci 'yar tsanar nan shi zai ciyar da jama'a wani abincinsu mai suna tamales ranar 2 ga Fabrairu.

Na ce, "Inna, da me ake yin sa?" Ta ce, "Masa." Nan take hankalina ya kwanta. Na ce ai an zo gidan, har tanda na taho da ita daga Kano, sai dai a faɗa min da miyar taushe ake so ko da ƙuli. Jikarta ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe a bakinsu masa kwaɓin masara ne, masarar da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa. Ana shafa kwaɓin a ɓawon masara, a zuba haɗi a tsakiya, a naɗe, a turara. Na ce a raina, wannan ai alale ne ya je ƙasar waje ya canza suna.

Raini ne ya kai ni ga gwajin farko. Na ƙi sayen garin masa na kanti mai suna Maseca da ta ce in saya, na ɗauko garin tuwona, wai masara ai masara ce. Bayan awa biyu na buɗe tukunya na tarar da tuwo sanye da riga. Maigida ya ɗanɗana, ya yi shiru, can ya ce, "Da akwai miyar kuka da an wuce wurin."

Ranar 1 ga wata Inna ta shigo da kanta ta tsaya a kaina. Su da man alade suke kwaɓawa, ni kuwa na ce Allah ya kiyashe ni, na kawo man shanu. Ta shinshina, ta taɓe baki, ta yarda. Sai bugu. A buga mai, a zuba gari da romon kaza, a ci gaba da bugu har sai an gutsiri kwaɓin an jefa a kofin ruwan sanyi ya taso sama. Nawa sau huɗu yana nutsewa kamar dutse. Kafaɗata ta riga shi tasowa.

Haɗi uku ta koya min: kaza da koren miyar tomatillo (wani abu mai kama da ɗanyen tumatir), yankakken barkonon poblano da cuku, sai mai zaƙi da zabibi wanda ake rinawa ruwan hoda saboda yara. Na huɗun nawa ne, don kada a ce Kano ba ta kawo komai ba: dambun nama da attarugu da yajin da Hajiyarmu ta aiko. Inna ta ce kowane iri a ɗaure shi da nasa salon, don a bambance. Na ce to, ban yi ba. Hatta rinin masu zaƙin na tsallake, wai ba na son kala a abinci.

Ta jefa kwabo a gindin madambaci, ta ce muddin ina jin ƙararsa akwai ruwa, in ya yi shiru ruwa ya ƙone. Ta tafi. Sai ga kiran Yaya daga gida, ana ba ni labarin bikin da ban je ba, da wadda ta zo da anko ba irin na kowa ba. Kwabo ya yi shirunsa, ni ban yi nawa ba. Ƙauri ne ya katse mu, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, maigida ya fito da gudu, muka hau cacar baki a kan wa ya kamata ya ji.

Inna ta dawo ta same ni ina huci. Ta ce shi ke nan, ai tamal ba ya nuna in mai girki na fushi, sai an yi wa tukunya rawa ko an ɗan mammare ta. Ni da 'ya'ya biyu, na tsaya gaban murhu ina taka rawa da ludayi a hannu, maigida na ɗauka a waya.

Na saman dai sun tsira, guda arba'in da ɗoriya, duk kamarsu ɗaya. Washegari aka zauna ci, ya zama caca. Ƙaramin jikan Inna ya miƙa hannu yana neman mai zabibi, ya faɗa kan attarugu, sai da aka ɗura masa madara kofi biyu. Maigida kuwa ya gatsa nasa har da ɓawon, yana tauna kamar akuya. Da aka yi masa dariya, surukin Inna ya ce kada ya damu, shugaban Amurka Gerald Ford ma haka ya yi a San Antonio a 1976. Tun ranar, in na tuna masa sai ya ce shi cin shugabanni ya yi, ya kuma nuna min bidiyon rawar.