Jakar Katsina daban, jikar Maraɗi daban

'Yan uwana matasa, musamman ku masu ciniki ta waya tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, akwai abin da ke raba abokan arziki alhali ba wanda ya yi niyyar cutar wani, kuma ya daɗe yana damuna.

In Bakatsine ya ce "jaka", naira 200 yake nufi. Abin ya samo asali tun zamanin fam: jaka guda fam 100 ce, da naira ta shigo a 1973 aka canja fam ɗaya a kan naira biyu, sai jaka ta tsaya a 200. Shi ya sa har gobe dattijo a kasuwa zai ce maka jaka biyar, dubu ɗaya ke nan. To amma kana tsallaka iyaka zuwa garin Ɗan Isa a Nijar, jika ta zama sefa 1,000. A can, da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa 5, don haka mai tebur da ya ce maka "ashirin", sefa 100 yake jiran ka miƙo. Iyayenmu da suka yi fatauci a wannan hanya sun san haka tun suna yara, ba sai an faɗa musu ba. Mu kuwa sai mu tura saƙon murya a WhatsApp, "jaka hamsin, na sallama", kowa ya kwana da nasa lissafin, ranar biya a wayi gari ana kiran juna macuci. Don Allah mene ne wahalar rubuta adadin da lambobi, ka ƙara da naira ko sefa?

Ba a kuɗi kaɗai ba ne. Ɗan da ya tashi a Legas bai taɓa taya kaya a kasuwar Kurmi ba, in mai kaya ya ce masa "albarka", sai ya ɗauka addu'a aka yi masa, ya fara zaro kuɗi, bai san an ƙi tayinsa ba ne cikin mutunci. Kada ka yi masa dariya, ka koya masa.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na asibiti. Mun taso a kan cewa in an tambayi jikin mara lafiya, amsa ɗaya ce: "da sauƙi". Ko yana kwance bai san inda kansa yake ba, da sauƙi. Tsakaninmu wannan tawakkali ne da ladabi, kuma mai gaisuwar ya san ba bayanin ciwo aka yi masa ba. Amma likita ba dubiya ya zo ba. Wataƙila ma ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, ya tsinci 'yar Hausarsa a bakin aiki, ya ji "da sauƙi" ya rubuta cewa maganin ya karɓi mara lafiyar. Kai da ka raka mahaifiyarka, ka san kunya ba za ta bari ta ambaci inda ke mata ciwo a gabanka ba. Ka nemo ma'aikaciyar jinya mace, ka fita waje ka ba su wuri. Kafin ka fita kuma ka gaya wa likitan kwana nawa ta yi ba ta ci abinci ba, da irin jiƙon da aka riga aka ba ta a gida.