Yadda Kawu Ya Yi Belin Kifina

Duk mai kiwon kifin teku a tankin gilashi ya san cewa baƙon kifi ba ya shiga cikin 'yan gida sai an killace shi. Sati huɗu zuwa shida zai yi a tanki daban, kana kallonsa yana kallonka. Dokar nan na bi ta sau da ƙafa, sai ga Kawu ya taso daga Funtuwa zuwa Legas ganin likitan ido.

Babban tankina yana falo, a gidan da muke haya a Agege, mai cin lita 200. A ciki akwai kifaye biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, da jatan lande, da dodon koɗi, da duwatsu. Ruwan ma haɗa shi nake yi da wani gishiri na musamman da ake shigowa da shi a bokiti, kusan gram 35 a kowace lita, wato cika tankin sau ɗaya kilo 7 ke nan. Uwargida har gobe ta kasa gane yadda mutum zai zauna a bakin teku, ya kuma zare kuɗi ya sayi teku a bokiti.

Baƙon kifin kuwa shuɗi ne shar, wutsiyarsa ruwan ɗorawa. Daga Lekki na ɗauko shi a leda, na rungume shi a cinya cikin gosulon gadar Third Mainland, duk wanda ya matso na ce ya yi a hankali. Na sauke shi a ƙaramin tanki a lungun kicin. Babu yashi, babu dutse, don suna shanye magani in ta kama a zuba. Sai guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki, da soson tace ruwa, da injin hura iska.

Kawu ya tsaya a kansa, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana leƙe da idon da ke gani.

"Wannan me ya yi aka kawo shi gidan yari?"

Na ce, "Kawu, bai yi komai ba. Irinsu sukan zo da cuta a ɓoye. Ko kai in ka sayo akuya a kasuwa, ai ba ranar kake sakinta cikin garke ba."

"Akuya a ƙasa take kwana. Wannan kuwa dare da rana wanka yake yi, kuma da ruwan gishiri. Lokacin Ebola, a 2014, ba tsakar dare aka tashe mu mu yi wanka da ruwan gishiri ba?"

Na ce ai jita-jita ce, har asibiti ta kai mutane. Ya ce, "To ni dai na yi, kuma ga ni."

Washegari na tafi Mile 12 karɓar kaya. Na dawo na tarar ƙaramin tanki wayam, shuɗin kuma yana shawagi a falo yana leƙa kowane rami. Kawu na kishingiɗe da carbi, matacin koko na jiƙe a gefensa.

"Na yi belinsa," in ji shi. "Raba 'yan uwa ba kyau. Dubi yadda yake murna."

Kawunka ne, ƙanin mahaifiyarka, me za ka ce? Na haɗiye maganar na ce Allah ya saka da alheri. Kamo shi kuma aikin banza ne, don in da cuta, ta riga ta sami masauki.

Kwanaki suka shuɗe lafiya lau, kowace safiya Kawu sai ya tambaye ni ina cutar. Ran nan sai ga fararen ɗigo a jikin shuɗin, ƙanana, yana ta goga jiki a dutse. Kawu ya ce ƙyanda ce, a tsinko ganyen dogon yaro a jefa. Na tare tankin da jikina. Bayan 'yan kwanaki ɗigon ya ɓace ɓat, Kawu ya ce tofinsa ne ya ci.

Nan ne makircin wannan cuta. Ƙwayar, wadda masana ke kira Cryptocaryon irritans, takan yi kwana uku zuwa bakwai tana ci a fatar kifi, sannan ta faɗo ta manne a yashi ko dutse, ta rufe kanta, ta yi ta rabuwa har ta zama ɗaruruwa. Lokacin da kake murnar an warke, haihuwa take yi. Da suka fashe kuwa, babu kifin da suka bari. Masu ɗamara ma suka yi fari-fari, suna haki a saman ruwa.

Maganin da ake ba su mai sinadarin tagulla ne, shi kuma yana kashe jatan lande da dodon koɗi, saboda haka ba ya shiga babban tanki. Dole a kwashe kifayen kaf zuwa lungun kicin. Wanda bai taɓa farautar kifi tsakanin duwatsu ba, kada ya raina masunta. Na tsamo dutse ɗaya bayan ɗaya ina jibgewa a bahon wankin uwargida, hannu cikin ruwa har hammata, sai aka ɗauke wuta. Yara suka haska mini da fitilar waya, ƙaramin yana haska fuskata don ya ga ko kuka nake yi. Kawu na ba da umarni daga kujera: "Ta hagu! A'a, hagunka!"

Tagullar nan kullum sai an auna ta. In ta yi kaɗan ƙwayar ba ta mutuwa, in ta yi yawa kifin ne zai riga ta. Shi kuma babban tanki sai an bar shi ba kifi ko ɗaya har kwana 76, yadda masu harkar suka saba, don duk ƙwayar da ta ƙyanƙyashe ta rasa abin ci ta mutu. Amma fanfo da fitila ba sa tsayawa saboda sauran halittun, in an ɗauke wuta janareto zai tashi.

Kawu ya leƙa lungun, ya ga kifaye uku cikin bututun roba, ya gyaɗa kai.

"To alhamdulillahi, yanzu dai ba kaɗaici."

An gyara masa ido, ya koma Funtuwa da labari. Baƙi kuwa in sun zo sai su zauna gaban tankin, su yi ta zuba ido, can wani ya ce, "Malam, ko sun yi barci ne?" In nuna masa dodon koɗi.

Ran Juma'a Inna ta kira.

"Ɗan nan, gaskiya ne abin da kawunka ke faɗa, wai ruwa kake kiwo a Legas? Har da kunna masa janareto?"

Na fara bayanin kwana 76, ta katse ni. Ta ce in daina wahalar da kaina, ta riga ta yi magana da direban motar albasa, ranar Laraba zai sauke mini akuya biyu a Mile 12, ɗaya ma da ciki.