Giyabos ɗin Beljiyam, daga inda yake fitowa

A gida idan giyabos ya mutu, shawara ɗaya ce: a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko na Beljiyam. Wanda aka buɗe aka gyara kuwa, kallon gurgu ake yi masa. Zamana a Amurka ya sa na daina yarda da wannan fifikon, domin a nan nake ganin tushen wasu daga cikin kayan da muke rububi.

Motocin da suka yi hatsari ko suka tsufa, filin 'yan gwangwan ake kai su, a ciro abin da ke da sauran amfani. Giyabos ɗin irin wannan fili shi ne zaɓi mafi arha a nan, garantinsa ma sau da yawa bai wuce wata ɗaya zuwa uku ba. Sama da shi akwai wanda bakanike ya warware ya sauya abin da ya cinye. Can ƙoli sai wanda kamfani ya sake ƙerawa, wasu har garantin shekara 3 ko mil 100,000 suke bayarwa a rubuce.

Amma ko na filin, ana gaya maka motar da aka ciro shi, shekararta da tafiyar da ta yi, a gwada da lambar shasin motarka. Wannan tarihin ne ke ɓacewa kafin kontena ta iso Legas ko Kwatano. Sai a wanke shi fes da fetur, mai shago ya ce "Alhaji, wannan garau yake." Da me ya sani? Honda Accord mai V6 ta 2003, wadda muke kira EOD, kamfanin da kansa ya kira masu irinta su kawo a gyara a 2004 saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi. Ka sayo irinsa a makance, ka sayo ciwon da ka gudu.

Gaskiya muna da abin da Amurkawa ba su da shi. A nan kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, saukewa da ɗorawa kaɗai na iya tashi sama da dala dubu, shi ya sa mutum ba ya son a yi sau biyu. A Kano aikin hannu da sauƙi, kuma muna da makanikai masu kai. Wannan ne ma ya sa raina gyararre ke ba ni takaici.

In dai Beljiyam ɗin za ka saya, a kwance farantin ƙasa inda man giya ke taruwa, in yana da shi, a gabanka. Mai ya yi baƙi yana ƙauri, ko ka ga garin ƙarfe, bar musu kayansu. A rubuta kwanakin gwaji a rasit, a wanke bututun da ke sanyaya man kafin a ɗora. Man giya kuma kowace mota da nata: yawancin Honda mai otomatik na gama-gari DW-1, Toyota irin wannan ta baya-bayan nan WS, Nissan mai CVT (giyabos marar matakan giya) kuma NS-2 ko NS-3. Jan man da ake zuba wa kowace mota a gareji yana iya kashe giyabos mai lafiya.